DUWATSUN BAUCI DA RUWAN GUBI NA JIRAN MASU ZUWA GIDA HUTU

Duk ɗan ƙasar Bauci da ya taɓa tasowa daga Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya nufo gida ta hanyar Jos, ya san wurin da gajiyar tafiya takan fara sakinsa. Da mota ta bar Jos ta soma gangarowa, ta wuce Tilden Fulani da Magama Gumau, ta ratsa mashigin Panshanu, sai duwatsu su taso dama da hauni, wani bisa wani kamar da hannu aka jera su. Can gaba kuma ga Dutsen Zaranda ya tokare sama, ana tafe ana ganinsa har a gaji. A nan ne masu gyangyaɗi sukan farka, a gyara zama, wani ya ce to, alhamdu lillahi, an zo gida.

Amma abin mamaki shi ne yawancin waɗannan matafiya ta tagar mota kaɗai suka san duwatsun. In an shiga zangon Agege, ko Sabon Badun, ko kasuwar Mil Goma Sha Biyu, aka tara mutanen Bauci aka tambaye su wa ya taɓa taka ƙafarsa bisa Zaranda, ko wa ya taɓa zama bakin ruwan Gubi da hantsi, za a sha wuya kafin a sami masu amsawa. Alhali kuwa akwai mutanen da sukan biya kuɗin jirgin sama su tafi ƙasashen Turai don su ga abin da bai fi wannan ba.

HUTUN DA BA HUTU BA

Kowa ya san yadda hutun ɗan ci-rani yake. Mutum ya shekara yana gadi a Apapa, ko yana fama da buhunan goro a Shagamu, ko yana zaune bisa tebur yana canjin kuɗi, sa'an nan ya sami mako biyu ya zo gida. Kafin ya kwance kaya an jera masa inda za shi: gaisuwar iyaye, ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba ya nan, ɗaurin aure, suna, duba ginin da ya aiko da kuɗinsa, da rabon tsaraba. Duk kuwa a bisa babur ko cikin mota. Ranar komawa ta yi, ya hau mota ya koma Kurmi da gajiyar da ta fi wadda ya zo da ita.

Babu mai cewa a bar zumunci. Amma masu iya magana da suka ce zumunta a ƙafa take, ba ga mutane kaɗai maganar ta tsaya ba, har da ƙasar da ta haifi mutum. Wanda bai taka ta ba, ba zai san ta ba, wanda kuma bai san ta ba, ba zai ji zafi ba ran da aka ɓata ta.

Gaskiya ne a al'adar Bahaushe ba a cika yabon mai tafiya ba dalili ba. In aka ga magidanci ya nufi bayan gari shi kaɗai, ba gona za shi ba, ba farauta ba, sai a tare shi a ce, “Malam, lafiya?” Wasu ma su kira abin gantali. To, amma Hausa ɗin nan ita ce ke da shan iska, da miƙe ƙafa, ita ce kuma ta ce tafiya mabuɗin ilmi. Likitoci ma sun goyi bayan haka, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki, ko da tafiya ce da ɗan sauri. Ga direba da ɗan tireda da mai canji, waɗanda zama ya yi musu yawa har hawan jini da ciwon sukari suka fara leƙo su, wannan magani ne da ba ya cin ko kwabo.

GARIN DA DUWATSU SUKA YI WA ZOBE

Birnin Bauci yana bisa tudu ne, tsayinsa daga bakin teku ya ɗan haura mita 600. Watau wanda ya taso daga Ikko, inda ƙasa ke kusan daidai da ruwan teku, ya riga ya yi hawa mai yawa tun kafin ya sauka a tasha. Shi ya sa iskar asuba a Bauci ba ta da nauyi da gumi irin na Kurmi.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya karɓo tuta daga hannunsa, shi ne ya kafa garin a 1809 bayan ya yi zama a Inkil. Masu ba da tarihi sun ce a wurin ya tarar da wani maharbi mai suna Baushe, daga sunansa ne garin ya sami nasa. Yakubu ya yi sarauta har ya rasu a 1845, ya kuwa bar garin da ganuwa wadda kewayenta ya haura kilomita 10. Wanda ya hau ɗaya daga duwatsun garin ya duba ƙasa ba sai an gaya masa abin da ya sa aka zaɓi wurin ba: ga fili mai noma a tsakiya, ga rafuka, ga kuma duwatsu tsaitsaye kamar dogarai, inda mai tsaro zai hango ƙurar dawaki tun daga nesa.

Saboda haka wanda ya daɗe bai yi doguwar tafiya ba, gara ya fara da cikin gari. Ganuwa kam yawancinta ta zube, gidaje sun hau inda take, amma ƙofofi tara suna nan da sunayensu: Ƙofar Wunti, da Ƙofar Ran, da Ƙofar Wase, da Ƙofar Dumi, da Ƙofar Inkil, da Ƙofar Tirwun, da Ƙofar Wambai, da Ƙofar Jahun, da Ƙofar Nasarawa. Bin su ɗaya bayan ɗaya aikin safiya guda ne ga mai ƙarfi, ko safiya biyu ga mai tafe da yara. Kowace ƙofa tana da labarin inda hanyarta ta nufa, dattawan unguwa kuwa ba sa rowar labari ga wanda ya yi musu sallama da ladabi.

A kan wannan zagaye ne mai tafiya zai ratsa kabarin Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a watan Janairu na 1966 aka kawo shi gida aka binne. An buɗe ginin da aka yi wa kabarin a 1979. Ana shiga ta wani lungu mai duhu, a yi ta bi har a fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe. Ya kamata mazauna Kurmi su tuna cewa shi ma marigayin a Ikko ya yi aikinsa, an kuma san shi da cewa in ya sami hutu gida yakan komo ya tafi gonarsa.

HAWAN FARKO

In ƙafa ta saba, sai a gwada dutse. Ga Warinje, ga Gudum, ga Guru, ga Kobi, ga na wajen Ƙofar Wambai, ga Dutsen Tanshi wanda har unguwa ta ci sunansa. Ba wanda ke bukatar igiya ko wani kayan aiki a cikinsu, in dai an bi ta gefen da mutanen wurin suke bi. Yaran unguwa da masu kiwon awaki su ne suka fi kowa sanin turbar.

Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba, da gari ya fara wayewa. A gindin dutse akan tarar da gonaki da itatuwan da aka saba, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka. Da an fara hawa sai su ragu, a shiga cikin waɗanda ke iya rayuwa a tsagin dutse, irin su ararrabi mai ɓawo kamar takarda, da gamji wanda saiwarsa ke bin tsaga tana neman laima. Fakara takan tashi fir daga cikin ciyawa ta firgita mutum. Inda mutane ba su cika zuwa ba, akan ga rema ta fito shan hantsi, da ta ji motsi ta faɗa kogo.

Abin da zai fi ba baƙo daga Kurmi mamaki shi ne shirun. Wanda kunnensa ya saba da hon ɗin motocin Oshodi da rurin janareta dare da rana, in ya kai rabin dutse ya tsaya, sai ya ji kamar an toshe masa kunne. Can sai ya fara rarrabe ƙananan sautuka: kukan kurciya, carar zakara daga wata unguwa, lugude a turmi, ƙarar iska cikin busasshiyar ciyawa. Daga ƙololuwa kuwa ga gari nan shimfiɗe, hasumiyoyin masallatai, rufin kwano yana ɗaukar ido, hayaƙin murhu yana tashi a hankali, titin Jos da na Gwambe da na Kano sun miƙe kowanne ya nufi gabansa. Ƙananan duwatsun, hawa da sauka ba su wuce sa'a biyu ba, mutum ya dawo ya tarar da masa da zafinta.

Akwai wani abu game da duwatsun nan da ko 'yan garin ba su cika sani ba. Masana ilmin duwatsu sun ƙiyasta shekarun duwatsun kewayen birnin da wajen miliyan 600. A cikinsu akwai wani iri mai duhu, mai sirkin kore, wanda ba a cika samun irinsa ba. Wani masani ɗan garin Offa, Farfesa Mosobalaje Oyawoye na Jami'ar Ibadan, shi ya yi bincike a kansa, a 1965 kuma ya raɗa masa suna baucayit, watau dutsen Bauci. Har yau da wannan suna ake karanta shi a jami'o'i. Ashe ke nan sunan garin ya shiga littattafan duniya ta hanyar dutsen da ake farfasawa ana zubawa a harsashin gini.

BAKIN RUWAN GUBI

Kewayen birnin Bauci ba shi da manyan tafkuna na asali. Wanda ke son irin wannan sai ya tafi ƙasar Misau ya ga Tafkin Maladumba. Amma kimanin kilomita 12 arewa da gari akwai madatsar ruwa ta Gubi, wadda hannun ɗan Adam ya tare, ta zama tafki mai faɗi tsakanin tuddai da duwatsu. Daga nan ne yawancin ruwan famfon birnin yake fitowa. A wannan shiyya ne kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980, take da mazauninta na Gubi.

Tafiyar bakin Gubi ba hawa gare ta ba, don haka ta dace da tsoho da yaro. Ana bin turbar masunta da ta makiyaya, ruwa a hannu ɗaya, gonaki a ɗaya hannun. Da sassafe ruwan kan kwanta luf, inuwar duwatsu ta faɗa ciki, ga masunta cikin kwalekwale suna duba kalli da suka kafa tun jiya. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a gaɓa, balbelu suna bin shanu, kirinjijiya suna ratsawa a jere suna fito. Da rani, in ruwa ya ja baya, masu lambu sukan bi laimar su shuka kayan miya, gaɓar ta yi kore shar alhali sauran daji ya bushe.

Abu biyu ne mai ziyara zai kiyaye. Na farko, wurin injinan tace ruwa da bangon madatsar suna da masu tsaro, ba a kutsawa sai da izini. Na biyu, kada kwanciyar ruwan ta ruɗi kowa. Ruwan dam yana da zurfin da ba a gani daga gaɓa, ga laka mai riƙe ƙafa, sa'an nan ruwan da ke kwance a ƙasashen Arewa ba a rasa shi da cutar tsargiya. A yi kallo, a yi hira da masunta, a sayi kifi in an samu, amma a hana yara wanka.

GA MAI SAURAN ƘARFI

Wanda ya gama da na kusa yana da inda za shi. Zaranda, wanda ke yamma da gari a kan hanyar Jos, tsayinsa daga bakin teku ya haura mita 1,400. Wannan ba hawan wasa ba ne, aikin yini ne, kuma ba a yinsa sai da ɗan jagora daga ƙauyukan gindinsa. A kudu akwai duwatsun Buli, gaba kuma ga garin Das kwance a gindin Dutsen Mbula, inda kwaruruka ke riƙe laima har bayan ɗaukewar ruwa, ana noman shinkafa a cikinsu.

A bisa irin waɗannan duwatsu mai lura zai riƙa cin karo da kufai: duwatsun niƙa da suka lotsa don tsananin aiki, tsingaro warwatse, da duwatsu da aka jera zobe-zobe inda rumbu ya taɓa zama. A zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, kabilu da yawa na ƙasar Bauci a kan duwatsu suka yi mafaka, sai bayan da Turawa suka ci garin a 1902 aka riƙa saukowa fili sannu a hankali. Har yanzu jikokinsu suna girmama wasu wuraren, saboda haka ba ko'ina baƙo ke taka ƙafa ba sai ya tambaya.

Akwai kuma abin da ya girmi wannan. A Geji, cikin ƙaramar hukumar Toro, akwai Dutsen Zane, inda mutanen da suka zana shanu da namun daji da mutane da jan launi a jikin dutse. Akwai irin wannan zane a Shadawanka, dab da gari. Dukansu suna cikin jerin kayan tarihin da Gwamnatin Tarayya ta ayyana, tare da tsibin duwatsun nan na gindin Panshanu da ake kira Kwandon Kaya, wanda labarinsa ke komawa ga zamanin Yakubu.

Yankari kam ba ta bukatar talla. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya zama na Tarayya a 1991, sa'an nan ya komo hannun Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, ruwan Wikki kuma ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 rani da damina. Sai dai tafiyar ta fi kilomita 100 daga gari, da kuɗin shiga, kuma daji ne mai giwaye, ba a yawo da ƙafa a cikinsa sai tare da ma'aikata.

YADDA MUTANEN INGILA SUKA YI

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki da suke kira Yankin Tafkuna, wanda ya yi suna a duniya saboda yawon ƙafa tsakanin tuddai da kwaruruka. Faɗinsa bai fi na Yankari da wani abin kirki ba. A nan tafkin Windamiya yake, wanda ya fi kowane tafki girma a Ingila, a nan kuma dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar yake, mita 978 daga bakin teku. Watau Zaranda ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma duk shekara miliyoyin mutane ke zuwa wurin, ƙauyukan yankin suna ci daga gidajen saukar baƙi da sayar da abinci da aikin jagora.

Ba haka kawai abin ya samu ba. A da, yawancin tuddan Ingila mallakar masu dukiya ne, talaka ba shi da ikon ratsawa. A watan Afrilu na 1932 wasu ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga birnin Mancesta, suka haɗu suka hau wani tudu mai suna Kinda Sikawut, a wani yanki dabam, ba da izinin mai shi ba. Aka kama wasu, aka ɗaure mutum biyar. Maganar ba ta mutu ba, har a 1949 majalisarsu ta yi dokar keɓe wuraren shan iska da kiyaye turbobin ƙafa. A ƙarƙashin dokar ne aka keɓe Yankin Tafkuna a 1951, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya.

Akwai kuma wani ma'aikacin baitulmali mai suna Alfred Wainwright, wanda ya ɗauki ranakun hutunsa yana bin tuddan yankin ɗaya ɗaya, yana zana taswira da hannunsa. Tsakanin 1955 da 1966 ya fitar da littattafai 7 masu bayanin tuddai 214, har gobe kuwa da su ake amfani. Ba gwamnati ce ta sa shi ba.

Darasin a fili yake: turbar da ake bi ita ke da masu kare ta. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa an san burtali, wanda ba mai noma shi don hanyar shanu ce, an san hurumin gari, an san mashaya. Sarki da masu unguwanni ne ke tsare su, kowa kuma ya san haddinsu. Abin da mutanen Ingila suka sha ɗauri kafin su samu, ƙasar Hausa ta gaje shi, sakaci ne ke neman raba ta da shi.

ABIN DA KE CIN DUWATSUN

Tun da Bauci ta zama hedkwatar jiha a 1976 garin yake ta faɗaɗa, ya tsallake ganuwa, ya haɗiye ƙauyukan da a da sai an yi tafiya ake kai musu. Gine-gine sun kai gindin duwatsu, wasu sun fara hawa. Turbar da aka bi bara, bana sai a tarar an ja katanga a kanta. Ga masu fasa dutse, na guduma da na nakiya, suna cin duwatsun ta gefe, har wani in an hango shi kamar an gatsa. Ga masu itace da masu gawayi sun aske gangare, ruwan sama kuwa in ya sauko bai tarar da saiwar da za ta riƙe ƙasa ba, sai ya kwashe ta ya yi kwari da ita.

Ƙarshen wannan ƙasa da ruwa ya kwasa, wani kashinta a cikin Gubi yake zama, yana cike madatsar sannu a hankali. Bugu da ƙari, wasu daga rafukan da ke ciyar da ita ta gefen gari suke bi, don haka ledar da aka jefa a kwata, da baƙin man da makanike ya tuttular, da juji da aka tara a bakin rafi, ba nisa suke zuwa ba. Suna tafiya ne wurin ruwan da za a tace a maido wa mutane a famfo.

A nan fa sai an faɗi gaskiya ko da ɗaci. Mai fasa dutse da guduma, da matar da ke zaune cikin rana tana farfasa tsakuwa, ba mugunta ta kai su ba, abinci suke nema. Wa ke sayen tsakuwar? Mai gini. A cikin masu ginin nan kuwa har da waɗanda ke aiko da kuɗi daga Ikko da Anaca da Warri, su sayi fuloti ta wayar tarho ba su taɓa ganin inda yake ba, ko a kan hanyar ruwa ne, ko a kan burtali. Babu laifi ga wanda ya yi guminsa ya gina gida a garinsu, abin yabo ne ma. Amma in kowa ya gina ba wanda ya duba, za a wayi gari an sami gidan an rasa garin da aka yi marmarin komowa.

Hukuma tana da abin yi a hannunta. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, lasisin fasa dutse kuma na Gwamnatin Tarayya ne. Ba abin da zai hana a zauna da masarauta da masu unguwanni a ware duwatsun da za a fasa, a ware waɗanda ba za a taɓa ba, a shata turbobin hawa a bar su a buɗe, a kuma hana sara da gini a gaɓar Gubi. Sai dai hukuma ba ta cika motsawa kan abin da ba wanda ya tambaye ta ba. Ƙungiyoyin 'yan jihar da ke Kurmi, waɗanda suka saba tara kuɗi don masallaci da makaranta da jinyar ɗan'uwa, suna da bakin da za a saurara in sun sa wannan magana cikin takardunsu.

SHIRI DA HATTARA

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, watau Oktoba da Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, rafuka ba su ƙafe ba, dam ta cika, sama kuma garau kafin hazo ya sauko. Hunturu yana da daɗin tafiya saboda sanyi, amma hazo yakan rufe nesa. Da bazara, Maris da Afrilu, dutse yakan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu tun kafin azahar. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, ita ce kuma ta fi haɗari, don dutse yana santsi, rafi yakan cika farat ɗaya ko ba a yi ruwa a wurin ba, ƙololuwar dutse kuwa ba wurin tsayawa ba ne in hadari ya haɗu ana tsawa.

Kayan tafiya ba su da yawa: takalmi mai rufi wanda ba ya zamewa, ba silifa ba, gorar ruwa, malafa ko hula, sanda, da ɗan guzuri, ko ƙuli-ƙuli ko dabino. Ƙasar tana da macizai, kububuwa da kasa da gamsheƙa, don haka ba a zura hannu a kogo, ba a kuma taka inda ido bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, asibiti za a nufa nan da nan, kada a tsaya tsaga ko tsotsa.

Sa'an nan maganar tsaro. A 'yan shekarun nan an sha jin labarin masu satar mutane a wasu dazuzzukan jihar masu nisa da gari. Saboda haka ba a fita mutum ɗaya, ba a kai magariba a daji, kuma duk ƙauyen da aka isa a fara zuwa gaida mai gari, a gaya masa abin da ke tafe da mutum, a nemi ya haɗa shi da ɗan jagora, a kuma sallami jagoran da abin kirki. In mutanen wuri suka ce kada a bi ta nan, to, kada a bi. Kada a ratsa shuka, kada a yar da leda, kada a jefar da guntun taba a busasshiyar ciyawa.

Abu na ƙarshe shi ne yara. Akwai dubban 'ya'yan mutanen Bauci da aka haifa a Idi Araba da Obalande da Sabon Badun, waɗanda sun fi sanin gadar Ikko da bakin teku bisa ga sunan dutsen da ke bayan gidan kakansu. In an kawo su hutu, a cikin ɗaki suke ƙarewa da waya a hannu, suna ƙirga ranar komawa. Uban da ya ware safiya ɗaya tak daga cikin mako biyun nan, ya tashe su da asuba, ya hau da su Warinje ko Gudum, ya nuna musu da yatsa inda ganuwa ta bi, da hanyar da ta kawo su daga Jos, da shiyyar da ruwan da suka sha jiya ya fito, ya ba su abin da ba a saya a kasuwar Wunti. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma sa a tarar da duwatsun a inda aka bar su.